Ramar Alhaji Rumbu

Alhaji Ummaru Rumbu ya tsaya a bakin hanyar Tamawa ya sake ɗaure mazagin wandonsa. Mazagin ya yi masa yawa, sai ya naɗe ragowar a ƙugu, ya sauke riga, ya ci gaba da tafiya yana kaɗa hannu. Dawa ta yi tsayi hagu da dama, raɓa na ɗiga daga ganyenta, ba motsin kowa sai takunsa. Da ya waiwaya ya hango Kurfi can baya, sai ya yi murmushi. A duk sa'o'insa wa zai iya fitowa daga sallar asuba ya yi wannan tafiyar? Babu ko ɗaya. Rabinsu suna ƙarƙashin ƙasa, sauran kuwa sai an kama su suke tashi daga tabarma.

Ba a banza aka sa masa Rumbu ba. Yana yaro a Rawayau aka yi farin nan da ya ƙarar da shanu, lokacin da mata ke tona gidan tururuwa suna tsintar ƙwayar gero. Ya ci dussa, ya ci ganyen da ko akuya ba ta kallo, ya raka ƙannensa biyu makabarta, shi ya tsaya. Tun daga nan ya yi wa cikinsa alkawarin ba zai ƙara kwana wayam ba, ya kuwa cika. Ya yi dako, ya yi awo, har ya zama dillalin hatsin da ake ji da shi, tumbi ya fito yana riga shi shiga ɗaki. Motar gero ta kife da shi a hanyar Dutsin-Ma, ya fito yana kakkaɓe riga. Amai da gudawa ta share layinsu, ta bar shi. Ɓarayin daji suka ɗauke shi bara waccan, ya yi makonni a hannunsu, ya dawo da tumbinsa yadda ya tafi da shi, yana cewa su ne suka rame garin ciyar da shi. Asibiti kuwa, duk mai zama a majalisarsa ya haddace karatun: ƙafar Rumbu ba ta taɓa taka shi ba sai don dubiya, allurar tafiya Makka ma sai da ta lanƙwashe a damtsensa.

Abin da majalisa ba ta sani ba, farkon daminar nan ya zagaya bayan kasuwar Dutsin-Ma zai kama ruwa, ƙasa ta juya masa. Sai farkawa ya yi a kan gadon wani ɗan ƙaramin asibiti, mai Keken haya mai ƙafa uku da ya kwaso shi ma baƙo ne, bai san ko wane ne ba. Wata likita siririya, wadda ya yi jika da ita, ta tsikari yatsarsa, ta ɗaure damtsensa, ta ce suga ne da hawan jini, kuma kitsen da yake tinƙaho da shi ne ke shaƙe shi. Ya ce shi ba ya haɗiyar ƙwaya. Ta ce to ya saurara. Tuwo kada ya wuce dunƙulen hannunsa, ganye da wake su fi yawa a kwano. Lemon kwalba da shayi mai suga da soyayyen nama, ya yi musu bankwana. Kullum ya yi tafiyar ƙafa sai ya yi gumi. In ya ƙi, kada ya sa rai da damina mai zuwa. Ko ɗago kai ba ta yi ba da ta faɗa, wannan ne ma ya tsorata shi.

Ya kuwa bi, don shi in ya kama abu ba ya saki. Kafin gero ya yi kai, gwiwarsa ta daina kuka, jirin ya tafi, yana yin sujada ba tare da nishi ba, har ya sake ganin yatsun ƙafarsa bayan shekaru. Amma bai gaya wa kowa ba, har Hajiya Mas'uda, matarsa. Rumbu da bin dokar likita? Ina! Abincin rana sai ya tura wa 'yan dakon shagonsa, na dare ya yi loma biyu ya ce ya ci a waje.

Yau ma da ya juyo daga hanyar Tamawa, ya nufi gidan Larai kamar kullum. Gwauruwa ce a ƙarshen gari, tana sayar da kwaɗon zogale tana riƙon jikokinta mata. Shi ne mai buɗa mata kasuwa, ta kuma san nasa: ba mai, ba suga, ƙuli kaɗan. Yau bai ga tire a ƙofa ba, ƙyauren a rufe. Ya yi sallama da ƙarfi, ya ce ko tsohuwa ta yi arziki ne ta bar sana'a.

Can muryarta ta fito daga bayan zana, ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada bango ya ji.

"Alhaji, yau ban dafa ba. Don girman Allah ka wuce, kada ka ƙara tsayawa a ƙofar nan."

Ya tambaye ta laifin me ya yi. Sai ya ji takunta ta koma ciki. Ya lura da wasu duwatsu warwatse a gindin ƙyauren, da tabonsu a jikin langa-langar. Ya ce a ransa aikin yara ne, ya wuce da yunwarsa.

A cikin gari ne abin ya fara yi masa wani iri. Teburin mai shayi yana cike ana ta musu, yana isowa aka yi tsit, cokula suka daina kaɗawa. Malam Zubair, wanda suka shekara goma sha ba sa gaisawa a kan iyakar gona, ya tsallako titi, ya durƙusa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Alhaji, duk abin da ya shiga tsakaninmu, ka yafe mani."

Daɗi ya kama Alhaji Ummaru. Ashe dai mutumin ya gane wanda ke da gaskiya. Ya yafe masa da murya mai ƙarfi don kowa ya ji. Bai yi nisa ba wata mata da ta taɓa kiransa mai ɓoye hatsi ta tsuguna a gefen hanya ta nemi gafara, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Sai mahaucin da ya daina sayen tsirensa ya taso, shi ma gafarar. A nan ne tsigar jikinsa ta tashi. Ya san wannan muryar, mai laushi, mai sauri. Da ita shi ma yake magana in ya je duba wanda aka riga aka juya wa fuska gabas.

Ya shiga shagon Rabi'u tela don karɓar rigunan da ya bayar a rage masa. Suna nan a ninke yadda ya kawo su, ko zare ba a warware ba. Rabi'u ya ce bai ga abin gaggawa ba, a bari dai a ga yadda Allah zai yi. Yana magana idonsa na bin Alhaji daga hula zuwa takalmi, ya sake komawa sama. Alhaji ya shekara arba'in yana ba da ɗinki, ya san kallon tela. Ba faɗinsa ake aunawa ba, tsawonsa ne. A kan kanta, bayan keken ɗinki, ga bandir ɗin alawayyo fari fat, irin na likkafani, an sauko da shi an kakkaɓe.

Zai fita ya haɗu da madubin da ke jikin ƙofa. Wani tsoho ya gani, fatar wuya ta sauka, idanu sun shige, riga na rataye a kafaɗu kamar an shanya ta. Fuskar ubansa ce sak, ta shekarar fari. Ya tsaya yana kallonta, ita ma tana kallonsa. Sai ya buga ƙirji, ya ja numfashi har ƙasan ciki, numfashin da bara ba ya iya ja, ya ce wa kansa ƙaryar madubi ce.

A shago ya tarar da Lado yana jiransa a kan buhun masara. Lado dillalin shanu ne, abokinsa tun suna dako, kuma shi kaɗai ke gaya masa magana ba a naɗe ba. Yau ko tsokanar da suka saba bai yi ba. Ya matso har warin goronsa na dukan hancin Alhaji.

"Rumbu, an kama ka."

Alhaji ya ce wa ya kama shi, ɓarayin daji ma sun gwada sun gaji.

Lado ya ce abin da ya sa gari ya tsorata ke nan. Mutumin da daji bai ramar ba, ga shi yana narkewa a tsakar gidansa, ba zazzaɓi, ba tari. Ya ce mutane suna da ido. Kullum da asuba ana ganinsa yana miƙa hanyar Tamawa shi kaɗai, inda ba shi da gona, ba shi da kowa, ga mota a gida, yana sauri kamar ana jan sa da igiya. In ya juyo, ƙofar wa yake zuwa? Daga hannun wa yake ci? Abincin matarsa kuwa sai dai a dawo da kwano a rufe. Ya ce a tuna yadda mijin Larai ya ƙare, haka ya yi ta tsotsewa har ya zama kara. Mayya ce, ta kama kurwarsa tana ci a hankali, kuma Mutawakkil, babban ɗan Alhaji, ya riga ya ɗauki mataki.

Alhaji Ummaru ya san tarin fuka ne ya kashe mijin Larai, shi ma ya je jana'izar. Maganar gaskiya ta zo masa har bakin harshe. Sai ya ga 'yan dako sun daina ɗaga buhu, sun kasa kunne, yaran da kullum yake gaya wa cewa su 'yan zamani jikinsu na allura ne. Ya haɗiye. Ya yi dariyar nan tasa mai girgiza kwanon rufi, ya ce wace mayya ce ke da maƙogwaron haɗiye Rumbu, ai sai ya tsaya mata a wuya.

Ba wanda ya taya shi dariyar. Lado ya tashi, ya karkaɗe riga, ya ce duk wanda aka kama haka yake cewa.

Yinin nan ciniki bai yi ba. Masu saye suna zuwa, su auna, su tafi ba tayi, ba musu, kamar ba sa son su ɓata masa rai. Shi da ba ya jin daɗin ciniki sai an yi hayaniya, sai ya ji kamar a cikin ruwa yake zaune.

Bayan la'asar ya taho gida. Tun daga kan kwana ya ga samari cike da ƙofarsa, sun kai har gindin dalbejiya, kuma ba mai magana. Taron samari ba hayaniya, bai taɓa gani ba. Suka dare suka ba shi hanya, idanu a ƙasa. Yana ratsawa yana jin wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas, ta duwatsu masu gogar juna a cikin tafin hannu. Hayaƙin wani turare mai ɗaci na fitowa daga zaure.

A ciki dattawan unguwa sun jeru a gindin bango, Lado a cikinsu. An shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiya, ba kowa a kanta. A lungu Larai ce tsugune, mayafinta ya yage, takalmi ƙafa ɗaya.

Mutawakkil ya durƙusa gaban ubansa. Ya ce an yanka rago an yi sadaka, saura abu ɗaya. Baba ya kwanta a tabarmar nan, matar nan ta tsallaka shi, yadda ake yi tun kaka da kakanni, ta saki abin da ta kama. In ta yi, ba mai taɓa ta.

Alhaji Ummaru ya dubi takalmin nan ƙwaya ɗaya. Ya cire hula, ya share gumi, ya mayar. Sannan ya faɗi abin da ya rantse ba zai taɓa faɗa ba. Ya faɗi yadda ya yanke jiki a bayan kasuwar Dutsin-Ma, da gadon asibiti, da likita, da suga, da dunƙulen tuwo. Ya ce tafiyar asuba magani ce, zogalen ma magani ne, baiwar Allah nan ba ta san komai ba sai kwaɗonta.

Da ya gama, Lado ya girgiza kai a hankali, ya juya ga dattawa.

"Kun dai ji da kunnenku. Rumbu ne wai ya kwanta asibiti, yarinya ta hana shi cin tuwo, ya hanu. Wallahi wannan ba bakinshi ba ne. Da bakinshi take magana."

Dattawa suka gyaɗa kai. Mutawakkil ya sa hannu ya rufe fuska. Alhaji ya ce a ɗauko mota yanzu a je Dutsin-Ma a tambaya. Wani dattijo ya ce ko da likita ta ce suga ne, to wa ya turo sugan? Na'urar asibiti ba ta ganin wannan. Daga waje wani ya buga sanda a jikin bango, sau ɗaya, ya bari.

Larai ta ɗago kai. Ta ce a bar ta ta yi masa magana. Alhaji ya matsa ya tsuguna kusa da ita, tsugunon da watannin baya ba zai iya ba, dattawa na ja da baya suna tofa addu'a a cikin riga.

"Ka kwanta in tsallaka, Alhaji, in samu in kai gida," ta ce, ba kuka a muryarta. "Na san in na tsallaka, ni da jikokina mun zama mayu ke nan, ba mai aurensu, ba mai shan ruwan gidanmu. In na ƙi, ka ji abin da ke hannun yaran can. Abu ɗaya nake roƙo. Ko ta yaya aka tashi daga nan, ka yi ƙiba. In ba su ga jikinka ya dawo ba, gidana za su dawo."

Alhaji Ummaru ya daɗe a tsugune. Ya ji ƙafafunsa daram a ƙasa, ya ji zuciyarsa na bugawa a natse, jiki sabo kamar na ɗan shekara arba'in, jikin da ya gina da gumi a hanyar Tamawa. Sannan ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba.

Ya tambayi dattawa, da muryar majalisa, ko wanda aka kama yana iya cin abinci. Suka ce a'a, ai maƙogwaro ake fara rufewa. Ya ce madalla. Ya tako tabarmar da aka shimfiɗa don ya kwanta, ya zauna a tsakiyarta, ya tanƙwashe ƙafa, ya ƙwala wa Hajiya Mas'uda kira, ya ce ragon da aka yanka ba a kan kowa aka yanka shi ba sai a kansa, a kawo.

Aka shigo da akushi cike da tuwon shinkafa, miyar taushe, man shanu na yawo a kai, da kwanon soyayyen nama, da lemon kwalba masu sanyi. Yana wanke hannu yana magana. Ya ce zancen asibiti ƙarya ya yi, ya ga ko akwai mai hankalin da zai gane, ashe Lado ne kaɗai. Ya ce gwada kansa yake yi. Ya ga tsufa ya zo, sai ya ce bari ya ga ko har yanzu yana iya yunwa kamar shekarar fari, ya ci ganye zalla, ya yi tafiyar ƙasa. Ya gani, yana iyawa. A cikinsu wa zai iya ko na mako ɗaya? Lado da in azahar ta wuce bai ci ba sai ya fara ganin mutum biyu-biyu?

Wani dattijo ya yi 'yar dariya. Wani ya ce wannan kam Rumbu ne, ba shakka.

Ya yanko loma irin ta da, mai cika tafi, ya tsoma a mai, ya kai baki. Samari suka cunkushe a ƙofar zaure har haske ya ragu, duk idanu a kan maƙogwaronsa. Ta wuce. Ya ƙara. Cikin da ya saba da kaɗan ya cika tun a loma ta huɗu, ya fara turowa, ya danne da lemo. Zaƙin ya doki kansa kamar mari. Ya ci nama, ya tauna kitse, mai na bin gemunsa, yana ci yana ba da labarin yadda ya cinye wa ɓarayin daji buhun shinkafa. Aka fara dariya sosai. A waje ya ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tim, tim, ba wanda ya dubi wani.

Larai ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta cire takalmin ƙwaya ɗaya ta riƙe a hannu. Ta bi ta gefen tabarmar, nesa da ƙafafunsa, ta fita. Aka ba ta hanya. Ba wanda ya ba ta haƙuri.

Lado ya matso ya dafa kafaɗarsa, idonsa ya kawo ruwa don murna. Ya ce alhamdu lillahi, amma dai za su sa ido. In kafin kaka jiki ya dawo yadda yake, shi ke nan, an zalunci baiwar Allah, kowa ya kama bakinsa. In bai dawo ba, to, an san inda aka tsaya.

Alhaji Ummaru ya ce kafin kaka ma ya yi nisa. Ya side akushin tas, ya kife kwalbar ƙarshe. Wani nauyi ya sauko masa daga ƙeya, harshensa ya bushe duk da lemon da ya sha, fuskokin da ke yi masa barka suka fara narkewa a gefe-gefe kamar ana kallonsu ta cikin hayaƙi. Duk watannin nan da ake cewa ana cinsa bai taɓa jin komai ba. Sai yanzu ya ji wani abu ya farka a cikinsa, ya gyara zama, ya fara.

Daga bayan ƙyaure Hajiya Mas'uda ta tambaya, muryarta cike da farin ciki, ko a ƙaro masa.

Ya dubi ƙofar da Larai ta fita. Ya dubi idanun da suka zuba wa cikinsa. Ya miƙa akushin.